Babi na Shida: Baƙin Tabo a Tafin Ƙafar Dattijo

Akwai wata tambaya da ba ta rabuwa da bakin mutanenmu na Zangon Kumasi, daga Aboabo har Asawase, a majalisar dattawa bayan la'asar ko a cikin gida wurin mata, duk sa'ad da aka ji an ce wa wani tsoho ya tafi asibiti saboda ɗan tabon da ya fito masa a ƙafa: "Abin da ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, bai hana shi zuwa masallaci ba, mene ne na kai shi gaban likita?" Wanda ya ɗan taɓa karatun boko kuwa sai ya ƙara da tasa, ya ce ai sankarar fata ciwon Turawa ce, mu da Allah ya yi wa baiwar baƙar fata rana ba ta yi mana komai. Maganganun nan biyu ba na wauta ba ne, kowace akwai ƙamshin gaskiya a cikinta; sai dai gaskiyar ba ta cika ba, kuma a ɗan gurbin da ta bari ne ake rasa dattawan da, da an duba su tun da wuri, da cikin ikon Allah ɗan yanka kaɗan ya wadatar.

Inda baƙar fata ba ta kai ba

Mu fara ba mai zancen rana haƙƙinsa. A cikin fatar kowane ɗan Adam, fari ko baƙi, akwai waɗansu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne yin launin da ke rina fata, kuma launin nan shi ke tare mugun hasken rana kada ya ratsa ya yi ɓarna a ƙarƙashi. Yawan ƙwayoyin kusan ɗaya ne a jikin Bature da na Bahaushe, bambancin yana ga yawan launin da suke fitarwa. Idan ɗaya daga cikinsu ta lalace, ta shiga hayayyafa ba ƙaidi, ita ce ke haifar da sankarar da likitoci ke kira melanoma, wadda haɗarinta ba girman tabon ba ne, a'a, saurin da take yi ne wajen barin fata ta bi hanyoyin jiki ta sauka a hanta, ko huhu, ko ƙashi, ko ƙwaƙwalwa.

A Amurka, inda farare da baƙaƙe ke zaune a ƙasa guda kuma ake ƙididdige marasa lafiya da kyau, an sami cewa a tsawon rayuwa cutar tana kama kimanin mutum 1 cikin 1,000 na baƙar fata, alhali a cikin farare tana kama 1 cikin 30 zuwa 40. To, har nan mai zancen rana yana da hujja. Amma lissafin bai tsaya nan ba: a cikin fararen da ta kama, fiye da kashi 90 cikin 100 suna raye bayan shekara 5, baƙaƙen kuwa wajen kashi 70 ne kawai. Babban dalili shi ne jinkirin ganowa, kuma jinkirin ya samo asali ne daga wurin da cutar ke zaɓa a jikinmu.

Mai karatu ya juya hannunsa ya dubi tafinsa, ya dubi tafin ƙafarsa da abin da ke ƙarƙashin farcensa, zai ga wurare uku ne da launinsu ya yi haske. A nan melanoma ta fi fito wa baƙar fata, musamman a tafin ƙafa, kuma galibi bayan an haura shekara 50 ko 60. Wannan nau'in ba ruwansa da rana, don tafin ƙafa ba ya ganin rana. Waɗansu likitocin Japan sun nuna a 2016 cewa ya fi zama a diddige da kuma gaban tafin ƙafa, watau inda nauyin jiki ke sauka. Wanda kuwa ya san ƙafafun dattawanmu, jikokin fataken goro, waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a dako a kasuwar Kejetia ko a gonakin koko, ya san cewa wuraren nan ne kaushi da faso da kanta suka fi yi wa yawa, har baƙin tabo ya shekara a tsakaninsu ba wanda ya ce masa kanzil.

Mafi shaharar wanda wannan nau'i ya kashe ba tsoho ba ne. Bob Marley, mawaƙin Jamaika, a 1977 aka ga baƙi a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa, aka ɗauka rauni ne na ƙwallo. Da aka gane melanoma ce aka ba shi shawarar cire yatsan, bai yarda ba, cutar ta bazu, ya rasu ranar 11 ga Mayu 1981 yana da shekara 36. Idan mutumin da duniya duka ke kallo ya iya ruɗuwa da rauni, ina ga tsohon da ba mai duba ƙafarsa sai shi kaɗai?

Alwala da idon jika

Alal haƙiƙa, a cikin al'ummomin duniya kaɗan ne suke da damar da Musulmi yake da ita a kan wannan cuta, domin a mazhabar Imamu Malik, wadda galibin mutanen Zango ke bi, wanke ƙafa har idon sawu farilla ne, cuccuɗawa ma farilla ce, tsettsefe yatsun ƙafa kuma mustahabbi ne. Ke nan hannun mutum yana bin tafin ƙafarsa sau da dama kowace rana tun balagarsa har ƙarshen rayuwarsa. Illa dai hannu ne ke zuwa, ido ba ya zuwa. Dattijo ɗan shekara 70, wanda gwiwarsa ta sage, bayansa ba ya lanƙwasuwa, yana ta fara rufe masa ido, alwalar asuba kuma a cikin duhu yake yin ta, ba shi da halin ɗaga ƙafa ya ga abin da ke ƙarƙashinta, tabon kuwa a farkonsa shafe yake, bai da tudun da yatsa zai ji.

Saboda haka aikin na wanda ke riƙe masa buta ne. Mu ƙaddara yarinya ce ke zuba wa kakanta ruwa, ta hango baƙi a diddigensa, ta ce, "Baba, ɗaga ƙafar nan in gani." Amsar da za ta samu sananniya ce: "Ke, rabu da shi, tawadar Allah ce, da ita aka haife ni." Wataƙila gaskiyarsa ne, wataƙila kuma ya faɗa ne don kada a tayar masa da hankali, tun da shi kansa rabonsa da ganin wurin an daɗe. Hanyar raba gardama mai sauƙi ce, kuma tana cikin aljihun kowa: a ɗauki hoton tabon da waya, da rana, a ajiye kwabo ko tsinken ashana a gefensa don a san girmansa, bayan wata guda a sake ɗauka. Tawadar Allah ba ta tafiya; wadda ta ƙara faɗi a cikin wata ɗaya ko biyu ba tawada ba ce.

Iyayenmu mata suna da nasu hijabin a kan wannan al'amari, shi ne lalle. Hajiyar da ba ta rabuwa da ƙunshi, tafin ƙafarta da faratanta kullum a rine suke, har baƙin cuta ya saje da baƙin ado. Ba wanda zai ce a daina lalle, amma ranar da tsohon ya koɗe, kafin a ɗaura sabo, ita ce ranar dubawa. Haka kuma sauƙin da shari'a ta yi wa mai rauni, na ya yi shafa a kan tsumman da ya ɗaure ciwonsa, rahama ce domin sallarsa. Ba izini ba ne a bar tsumma wata da watanni ba wanda ya kwance ya ga abin da ke faruwa a ciki.

Alamomin da ake nema

Tawadar kirki ƙarama ce, kewayayya, launinta ɗaya, bakinta a tsare, kuma yadda take bara haka take bana. Wadda ake tuhuma kuwa sabuwa ce a jikin wanda ya manyanta, faɗinta ya wuce milimita 6 ko 7, watau ya fi gindin fensir, rabinta bai yi kama da ɗaya rabin ba, bakinta ya yi shiga-da-fita, launinta ya cakuɗe, nan baƙi ƙirin, can ruwan ƙasa, can kuma toka-toka ko ja. Idan ta daɗe sai tudu ya taso a tsakiyarta, ta fashe, ta riƙa tsattsafo da jini ko ruwa, har a fara ganin shaidarta a safa ko a kan darduma. Duk wannan yana iya faruwa ba tare da zafi ba. Zafi a wannan cuta baƙon ƙarshe ne, wanda ya jira shi ya makara.

Al'amarin farce yana buƙatar natsuwa, don kada a tsoratar da mutane a banza. Baƙin layi a tsayen farce abu ne da ya yawaita a wurin baƙar fata, yana ƙaruwa da shekaru, yakan fito a farata da yawa, siriri, kuma ba komai ba ne. Wanda ake kula da shi shi ne layin da ya fito a farce ɗaya tak, galibi babban yatsan hannu ko na ƙafa, faɗinsa ya kai milimita 3 ko fiye, yana ƙara faɗi, farcen yana tsagewa, ko kuma baƙin ya tsallake farcen ya hau fatar da ke kewaye da shi. Alamar nan ta ƙarshe wani likitan Landan, Jonathan Hutchinson, ya siffanta ta tun 1886, har yau da sunansa ake kiranta. Jinin da ya kwanta bayan tuntuɓe kuwa yana bin farce ya yi gaba yayin da farcen ke tsiro, a ga farar tazara ta bayyana a bayansa. Baƙin da ya kafe a gindin farce wata uku bai gusa ba, ba jini ba ne.

Akwai kuma wadda ba ta da baƙi ko kaɗan, sai ja ko ruwan hoda, kamar tsiron nama ko gyambo. Ita ce ta fi yaudarar kowa, har likitoci.

Masu kama da ita

Ba kowane gyambon ƙafa ne sankara ba, mafi yawansu ma ba ita ba ne. Ciwon suga, wanda ya yi yawa a cikin dattawanmu, yana kashe jijiyoyin ƙafa ya haifar da gyambo marar zafi a daidai wuraren da muka ambata. Gyambon Buruli, wanda mutanen ƙasar Asante suka sani sarai a yankin Amansie da Agogo, shi ma da ɗan kumburi marar zafi yake farawa, ƙwayar cutarsa kuwa 'yar'uwar ta tarin fuka ce da kuturta, kuma yana jin magani. Sankarar Kaposi tana fitar da baƙaƙen ƙulle-ƙulle a ƙafa da kumburi, musamman ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Tsohon tabon ƙuna ko gyambon da ya shekara 20 ko 30 yana warkewa yana dawowa yana iya rikiɗewa ya zama sankara ta wani nau'in dabam, bakinsa ya yi kauri ya juyo waje. Wannan kuma Marjolin, likitan Faransa, ya yi bayanin irin gyambonsa a 1828. 'Yan'uwanmu zabiya su kam rana ce abokiyar gābarsu kai tsaye, kuma tun suna matasa.

Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne ido kaɗai ba ya iya raba su da tabbaci. Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce duk gyambon da aka yi wa magani yadda ya kamata, wata ɗaya zuwa biyu bai nuna alamar rufewa ba, to, a daina sauya masa man shafawa, a nemi sanin ko shi wane ne.

Wadda ta fi gaggawa

Ya wajaba a ambaci wata sankarar fata da ta fi melanoma ƙaranci, ta kuma fi ta saurin ɓarna, wadda ake kira sankarar Merkel. Sunan na Friedrich Merkel ne, masanin Jamus da ya siffanta ƙwayoyin jin taɓi na cikin fata a 1875. Cutar kanta kuwa sai a 1972 Cyril Toker ya bayyana ta a matsayin cuta mai zaman kanta. Ciwon tsofaffi ce ta haƙiƙa, galibin masu ita sun haura 70, mafi yawansu farar fata, kuma a Amurka duka da yawan jama'arta wajen mutum 3,000 take kamawa a shekara. A cikinmu nadira ce ƙwarai, amma ba ta haramta ga baƙar fata ba, musamman wanda garkuwar jikinsa ta faɗi saboda ƙanjamau, ko sankarar jini, ko magungunan da ake sha bayan dashen ƙoda.

Kamanninta shi ne tarkonta: ɗan ƙulli mai tauri, mai sheƙi, ja ko shuɗi-shuɗi, a fuska ko wuya ko hannu, ba zafi ba ƙaiƙayi, wanda kowa zai ce maruru ne da bai nuna ba, ko cizon ƙwaro. Abin da ke tona asirinsa shi ne sauri, don a cikin makonni kaɗan yakan ninka girmansa, alhali bai yi ruwa ba, bai yi zogin maruru ba. A 2008 wasu masana biyu, mata da miji, Yuan Chang da Patrick Moore na Jami'ar Pittsburgh, suka gano wata ƙwayar bairos a cikin kimanin 8 daga kowane 10 na irin wannan ƙari. Su ne kuma tun a 1994 suka gano bairos ɗin da ke haddasa sankarar Kaposi. Bairos ɗin Merkel yana zaune lafiya a fatar mafi yawan mutane tun ƙuruciya, sai tsufa ko ciwo ya raunana garkuwa yake samun ƙofa. Hukuncinta a wurin iyali ɗaya ne da na melanoma, sai dai wa'adin ya fi gajarta: ƙullin da ke girma a ido a jikin tsoho ba a ba shi wata guda na jira.

Daga shakka zuwa yaƙini

Malaman usulu sun kasa sanin ɗan Adam daraja-daraja, daga wahami zuwa shakka, daga shakka zuwa rinjayen zato, daga nan zuwa yaƙini, kuma alƙali adali ba ya yanke hukunci mai nauyi sai hujja ta kai matsayin da ya dace da nauyin hukuncin. Haka likita yake a wannan mas'ala. Abin da jika ta gani a wurin alwala shakka ce. Aikin asibiti shi ne ya hau da ita mataki-mataki, domin ba a yanke yatsan mutum a kan zato, ba a kuma sallame shi a kan zato.

A Kumasi hanyar takan fara ne daga asibitin kusa, kamar na Manhyia ko na Tafo ko na Suntreso, inda ake ba da takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Bantama, wanda aka gina a 1954 ya zama na koyarwa a 1975, kuma har gobe tsofaffi da yara Gee suke ce masa. Likita zai tambayi yaushe tabon ya fito, yaya ya sauya, ko akwai suga, ko an taɓa yin rauni a wurin. A nan hotunan waya suke biyan wahalarsu. Sa'an nan ya tuɓe majinyaci ya duba fatarsa duka, har tsakanin yatsu da cikin baki, ya lalubi matsematsi da hammata.

Inda akwai likitan fata, yana da wani ɗan madubi mai fitila da ake ɗorawa a kan tabo, ya girmama shi kamar sau goma. Fatar tafin ƙafa, in aka dube ta da shi, layi-layi take, tudu da kwari, irin zanen da ke kan yatsa. Likitocin Japan, a ƙarƙashin jagorancin Toshiaki Saida, sun gano cewa tawadar kirki launinta a cikin kwarin yake kwanciya, melanoma kuwa tun tana jaririya a kan tudun take hawa. Ɗan bambancin nan, wanda ido tsirara ba zai taɓa gani ba, ya isa ya kai likita ga rinjayen zato. Yaƙini kuwa ba ya samuwa sai an yanki tsokar an duba ta.

"Daji ba ya son ƙarfe"

A nan ne ake yin asarar mutane da yawa, domin da zarar an ambaci yanka sai wani a cikin dangi ya tashi ya ce daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, in aka taɓa shi fusata yake ya watsu. Maganar tana da asali, kuma asalinta abin tausayi ne: mutanen da aka sani an yi wa aiki suka rasu ba da daɗewa ba, galibinsu an kai su ne bayan cutar ta riga ta gama zagaya jiki, sai aka ɗora wa wuƙar likita laifin watannin da aka ɓata a gida. Binciken likitoci bai nuna cewa yankar ɗan yanki don gwaji yana rage wa mai melanoma kwana ba. Magabatanmu ma ba su ce a guji ƙarfe ba. Abul Ƙasim az-Zahrawi, babban likitan fiɗa na Ƙurɗuba wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana a littafinsa at-Tasrif cewa sankara tana ciruwa ne tun tana ƙarama a wurin da za a iya tumɓuke ta gaba ɗaya, in ta tsufa ta girma kuwa shi bai taɓa warkar da ita ba. Shekara dubu ke nan, kuma hukuncin bai sauya da yawa ba.

Ƙarfen da ya kamata a ji tsoro wani ne dabam: askar wanzami, da sakiya, da magungunan da ke cinye nama, waɗanda ake ɗorawa bisa zaton an taka sammu ne ko jifa aka yi. Illarsu biyu ce. Suna cire saman tabon su bar gindinsa yana aiki a ɓoye, suna kuma lalata shaidar da likita zai auna. Kusa da wannan a muni shi ne ƙaramin asibitin da zai yanke tsiro ya ɗinke, ya jefa abin da ya yanke a shara. Duk wanda aka cire wa wani abu daga fata, haƙƙinsa ne ya tambaya, "Likita, an aika da tsokar gwaji?" ya kuma koma ya karɓi sakamakon da hannunsa.

Aikin kansa ba shi da yawa. Ana yin allurar kashe zafi a wurin, mutum yana farke yana hira. In tabon ƙarami ne a cire shi duka da ɗan gefensa, in babba ne a yanki wurin da ya fi kauri, har ƙasa, a yi ɗinki kaɗan, a koma gida a ranar.

Abin da madubin likita ke faɗa

Tsokar ana jefa ta nan take a cikin kwalbar fomalin don kada ta ruɓe, a rubuta suna, a kai ɗakin binciken tsoka. Can za a tsane ruwanta, a dasa ta a cikin kakin da ya daskare, a sa wata na'ura mai kaifi ta fere ta falle-falle, kowane falle ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, a shimfiɗa shi a kan gilashi, a rina shi da launi biyu, ja-ja da shuɗi, sa'an nan likitan da wannan ne fanninsa ya zauna da madubinsa yana karanta siffar ƙwayoyin. Idan siffar ta rikitar da shi sai ya nemi rini na musamman, wanda ke kama irin ƙwayar da ake nema ya bar sauran: S100 da HMB-45 suna nuna melanoma ko da ba ta da baƙi, CK20 kuwa yana fitowa ɗigo-ɗigo a gefen cibiyar ƙwayar Merkel, ya raba ta da wata sankarar huhu da suke kama ƙwarai. Wannan ne ya sa sakamako ke ɗaukar kwanaki, wani lokaci makonni, kuma jiran nan, duk da ɗacinsa, ya fi hukuncin gaggawa.

A takardar sakamakon akwai lamba guda da ta fi kowace muhimmanci, ita ce kaurin melanoma daga saman fata zuwa inda ta nutse, a milimita. Alexander Breslow, likita a birnin Washington, shi ya nuna a 1970 cewa wannan awon ne ya fi faɗin makomar majinyaci. Wadda ba ta kai milimita 1 ba, fiye da 9 cikin 10 na masu ita suna tsira da yanka kawai. Wadda ta wuce milimita 4, musamman in samanta ya fashe, haɗarin ta riga ta aika 'ya'yanta cikin jiki ya yi yawa. Tsakanin labari mai daɗi da mummuna, ashe, tazarar milimita 3 ce, kuma watannin da ake ɓatawa ana gwada man shafawa su ne cutar ke cike tazarar da su.

Kaluluwa

Bayan an san sunan cutar, saura a san inda ta kai. Zangonta na farko daga ƙafa shi ne kaluluwar matsematsi, daga hannu kuma ta hammata. Kowa ya san kaluluwar da ke tasowa in an yi miki a ƙafa, mai zafi, mai laushi, wadda ke sacewa in mikin ya warke. Ta sankara tauri gare ta, ba ta zafi, ba ta kuma komawa. In likita ya ji irinta sai ya zuƙi ɗan abin cikinta da siririyar allura a duba. In bai ji komai ba amma kaurin tabon ya kai milimita 1, akwai dabarar da Donald Morton ya bayyana a 1992, ta yin allurar shuɗin rini a gefen tabon a bi shi a ga kaluluwar da ya fara sauka, a cire ita kaɗai a gwada, a inda kayan aikin suka samu. Daga nan sai hoton ƙirji, da sikanin ciki don duba hanta, da babban hoton siti-sikan in hali ya yi. Da waɗannan ake sanya cutar a ɗaya daga matakai huɗu: na ɗaya da na biyu tana fata, na uku ta kai kaluluwa, na huɗu ta isa gaɓoɓin nesa.

Tun 2012 Kumasi take da ofishin rajistar masu sankara na birnin, kuma abin da ya fi yawa a littafinsa shi ne sankarar mama, da ta bakin mahaifa, da ta hanta, da ta mafitsarar maza. Ta fata tana can ƙasa, ma'ana ma'aikacin ƙaramin asibiti yana iya daɗewa bai ga melanoma ko ɗaya ba, a tsakanin ɗaruruwan gyambon suga da yake wankewa. Don haka ba rashin ladabi ba ne ɗa ya ce, "Likita, gyambon Baba ya wuce wata biyu, ko za a yanki tsokar a gwada?" Neman sababi bai taɓa warware tawakkali ba, kuma likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

A babi na gaba za mu ga abin da ke biyo bayan takardar sakamako: gwargwadon fatar da ake cirewa a kewayen tabo, lokacin da cire yatsa ke zama wajibi, gashin sankara da ake yi a Komfo Anokye tun 2004, sababbin alluran da ke tayar da garkuwar jiki ta yaƙi cutar da tsadarsu, abin da katin inshorar lafiya ke ɗauka da abin da yake bari a wuyan iyali, da kuma wanda ya dace ya zauna ya gaya wa dattijo gaskiya. Kafin nan, duk mai tsoho ko tsohuwa a gida ya nemi izininsu cikin ladabi a makon nan, ya duba tafin ƙafafunsu biyu, da tsakanin yatsu, da farata ashirin, a wuri mai haske.